Shin yawan rabon kayan abinci zai iya maye gurbin adalci?

Ɗan Ƙofar Mata ya rubuta:

Assalamu alaikum. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina roƙon masu ilimi a cikinmu su taimaka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, rabon kayan abinci ya ƙaru ƙwarai, attajirai na rabawa, 'yan siyasa na rabawa, gidauniyoyi ma haka, kuma babu mai musun cewa mudun shinkafa yana ceton gidan da ya wuni bai ɗora tukunya ba. Amma a watan Disamban 2024, cikin mako guda, yara 35 suka rasu a turmutsitsin rabon kyauta a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, wasu 10 a Abuja, kuma a azumin shekarar an yi irin wannan rashi a Bauchi wajen rabon zakka. Ƙasar da mutane ke rasa rayukansu a layin karɓar abinci, ƙarin masu kyauta take buƙata, ko kuwa yawan kyautar ne yake kawar da hankalinmu daga abin da ya jefa su cikin layin tun farko?

Malamin Zaure ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, addini bai bar wannan batu a hannun tausayin mai kuɗi ba. Zakka farilla ce mai ƙayyadadden ma'auni: ɗaya cikin arba'in na kuɗin da ya kai nisabi ya kuma shekara, ɗaya cikin goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin na noman ban-ruwa, sannan aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙididdige rukuni takwas na waɗanda za a bai wa. Saboda haka wanda ya fitar da ita bashin da ke wuyansa ya sauke, bai kamata ya tara mata a ƙofar gidansa tun asuba suna jiran a buɗe ƙyaure ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ba mu cika tambayar yadda aka tara dukiyar ba. Ku dubi ƙaramin manomi da ya karɓi bashin taki da damina bisa sharaɗin zai biya da hatsi. Da kaka, lokacin da farashi ya faɗi warwas, mai bashin zai zo ya kwashe buhunan masara, ya zuba a sito ya kulle, sai rumbunan mutane sun ƙare da bazara ya fito da su a kan tsada. Idan wannan mutumin ya raba buhu ɗari da azumi, wani ɓangare na abin da ya karɓe daga hannun talakawa ne ya mayar musu, kuma su ne za su durƙusa su yi godiya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ya kuma yi umarni a biya ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Mai masana'antar da ke biyan ƙasa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko yake riƙe wa leburori kuɗinsu wata da watanni, sauke wannan haƙƙi ne ya fara hawa kansa kafin gina masallaci ko ciyarwar azumi.

Uwar Marayu ta rubuta:

Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ina jin tsoron kada maganar nan ta sanyaya gwiwar masu bayarwa. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara shida ba za ta iya jiran ranar da za a gyara tsarin ƙasa ba, abincin daren yau take nema. A unguwarmu akwai yaran da ba don wani bawan Allah da ke biyan kuɗin jarrabawarsu a ɓoye ba, da tuni sun koma talla. Inda nake ganin gyara shi ne yanayin rabon. Na ga tsohuwa riƙe da ledar taliya, an tsayar da ita ana ɗaukarta hoto da waya, tana jan mayafi tana rufe fuska. Mai unguwa da limami sun san gidan da ake kwana da yunwa, a bi ta hannunsu a kai wa mutane har gida da dare, babu layi, babu hoto.

Tsohon Hedimasta ya rubuta:

Hajiya, gaskiyarki, yunwa ba ta jira. Sai dai tarihinmu ya nuna abin da ke sauya rayuwar talaka ta dindindin. Kano ba ta taɓa rasa attajirai masu buɗaɗɗen hannu ba, amma abin da ya sauke wa talakan karkara nauyi shi ne gwagwarmayar da jam'iyyar NEPU ta faro a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, har ta kai ga gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979. Daga ranar, manomi ya daina sayar da akuyarsa don gudun wulaƙancin masu karɓar haraji, kuma bai zama dole ya gode wa kowa a kan haka ba.

Kyauta tana zuwa ne lokacin da mai ita ya ga dama, ta tsaya ranar da ya fasa, kuma wanda ake ba ba shi da bakin tambaya. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ke cikin talauci ta fuskoki da yawa, kusan miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Babu attajirin da aljihunsa zai ɗauki wannan adadi. Ga dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta ware kuɗi domin makarantun firamare da ƙananan sakandare, amma jihohi da dama sukan bar rabonsu jibge saboda sun ƙi zuba nasu kason. Da manyan masu kuɗinmu, waɗanda gwamnoni ke ɗaga wayarsu, za su matsa a kan wannan kaɗai, da amfaninsa ya fi tireloli na shinkafa.

Ma'aikaciyar Lafiya ta rubuta:

Baba Hedimasta, ina da misalin inda kuɗin masu taimako ya ƙarfafa gwamnati maimakon ya ɗauke mata aikinta. A ƙarshen 2012 gidauniyar Dangote da ta Bill Gates suka ƙulla yarjejeniya da jihar Kano kan rigakafin yara, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa Bauchi da Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe. Sharaɗin shi ne kason gidauniyoyin yana raguwa shekara-shekara, na jiha yana ƙaruwa, har ta ɗauki nauyin baki ɗaya, kuma ana zama da gwamnoni a duba abin da aka aiwatar. Sarakuna da masu unguwanni sun shiga aikin, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar shan-inna daga Afirka.

Duk da haka, wanda ya taɓa bin gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa ya san tambayar da iyaye mata ke yi: me ya sa ake kawo ɗigon shan-inna kyauta har ɗaki, amma idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, sai a rubuta takarda a ce a je kemis a saya? Tambayarsu tana kan hanya, domin mai ba da kuɗi ne ya zaɓi cutar da za a yaƙa, ba su ba. Magani a asibitin unguwa da albashin ungozoma suna cikin kasafin kuɗin jiha da na ƙaramar hukuma, kuma a can ya kamata kwamitocin raya unguwanni su riƙa zuwa suna tambayar nawa aka ware, nawa aka saki.