Masu shan shayin Buzaye, ta ina kuka fara?

Mai tambaya, Pantami: Assalamu alaikum. Majalisarmu duk an koma shayin gawayi, ni kuwa na teburin mai shayi kaɗai na sani, da madara da burodi. Jiya na kurɓa, ɗaci ya riƙe min maƙogwaro har isha'i. Haka ake fama?

Daga Jekadafari: Wa'alaikumus salam. Ruwan farko aka ba ka, ɗan'uwa. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku a 'yar buta: na farko ɗaci, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi kusan zalla. Ka fara da na uku, ka riƙa haurowa. Ni wajen wani Buzu mai gadi a layinmu na koya. Zai ɗaga butar sama ya tsiyayo cikin ɗan kofin gilashi, ya juye, ya sake, har kumfa ta cika rabin kofin, bai ɗigar da ko ɗigo a tabarma ba. Juyin nan shi ke narkar da sukari, ya kuma huce shayin.

Hajiya, Tudun Wada: Ni ɗacin nan bai karɓe ni ba. Baƙin ganye nake dafawa da citta da kanumfari da girfa, in da mura na ƙara masoro. Kanumfari kaɗan dai, in ya yi yawa ya danne komai.

Ɗalibi, Jami'ar Jihar Gombe: Hajiya, ai koren ganyen Buzaye da baƙin naki duk itace ɗaya ne. Baƙin ana barinsa ya sha iska bayan an murje shi, koren kuwa da wuri ake sa masa zafi. Na Buzaye daga Sin ake kawo shi, a nannaɗe ƙwaya-ƙwaya. Amma ku gwada na Mambilla, Highland Tea, a Kakara ake noma shi, nan Taraba.

Direba, Bolari: Kada ka sha ruwan farko ba komai a cikinka, hannuna har rawa ya yi a kan sitiyari. Bayan magariba ma ba na taɓa shi, in ba haka ba sai dai na ji kiran assalatu ido biyu.

Daga Jekadafari: Na'ana'a kuma a ruwa na biyu nake sa ta. Ka ce wa mai butar taku ya ajiye maka na uku yau.