Arewa ta koma sola, ko ta ci gaba da neman wutar babban layi?

Mai Haɗa Sola: Assalamu alaikum. Maganata ita ce Arewa ta daina jiran wutar nepa, ta koma sola gaba ɗaya. A Nuwamban 2013 aka miƙa 10 daga cikin kamfanonin raba wuta guda 11 ga 'yan kasuwa, aka ce duhu ya ƙare. An haura shekara goma, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 har yanzu megawat 4,000 zuwa 5,000 take rabawa. Ku tuna Oktoban 2024. Layin Shiroro zuwa Kaduna 'yan ta'adda sun lalata shi, layin Ugwuaji ta jihar Inugu zuwa Apir ta jihar Binuwai da aka dogara da shi ya faɗi, jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu ko ƙyas. Wa ya tsira a lokacin? Mai faranti a kan rufinsa. Allah Ya ba mu ranar da wasu ƙasashe ke nema ido rufe, mu kuma muna zaune muna jiran waya daga Inugu.

Ungozoma: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a ɓangaren asibiti ina bayanka ɗari bisa ɗari. Na karɓi haihuwa da fitilar waya a baki, hannu biyu suna aiki, kuma ba zan so wata ta sake shiga wannan halin ba. Allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta fita daga nan ta lalace, ko da kwalbar tana nan kamar lafiya lau. Firjin sola da ake kawo wa ƙananan asibitoci yanzu ko batir ba shi da shi: da rana yake daskarar da ruwan da ke jikinsa, ruwan ya riƙe sanyi har gari ya waye. Ƙauyen da turken wuta bai taɓa zuwa ba, ka ce masa ya jira babban layi, ai ka ce masa ya ci gaba da binne jarirai ne.

Mai Walda: Anti, Allah Ya saka da alheri, amma fitila da firji daban, injin walda daban. A zo a haɗa min solar da za ta ɗauki walda da injin yankan ƙarfe daga safe zuwa magariba, a gaya min kuɗinta, sannan a gaya min shekara nawa zan yi ina haɗa ƙofofi kafin in biya.

Mai Haɗa Sola: Ana haɗawa, Oga. Akwai inbata manya.

Mai Walda: Na san akwai. Kuɗin nake tambaya.

Injiniya: Bari in sa lissafi a tsakaninku, don maganar ta sauka ƙasa. Ɗauki ƙaramin injin casar shinkafa mai cin kilowat 15, yana aiki awa 8 a rana. Yunit 120 ke nan. Farantin sola mai wat 550, a ranarmu ta Arewa, yana ba da wajen yunit biyu da rabi a yini idan an goge shi. Ana buƙatar faranti kusan 50, ban da inbata. Kuma motar injin idan za ta tashi tana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci in ta daidaita, don haka dole inbatar ta fi ƙarfin injin nesa ba kusa ba. In mai injin yana son aikin dare lokacin kaka, sai batir, kuma a nan ne kuɗin yake. Ga ƙurar hunturu da ke rufe faranti, ga zafin Afrilu da ke cinye ran batir.

Yanzu duba ɗaya gefen. A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit na 'yan Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225, da alkawarin wutar awa 20 a rana. Kowa ya yi kuka, kuma kukan na da dalili. Amma yunit 120 a farashin wancan lokacin na naira 225, naira 27,000 ne. Janareta mai shan gas yana ba da kamar yunit 3 a kowace lita, wato lita 40, a shekarar da lita ta wuce naira 1,000. Sama da 40,000 ke nan, ban da bakin mai da kanikanci. Ko da tsadarta, wutar layi ita ce mafi araha ga mai injin, muddin ta zo.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Muddin ta zo! Injiniya, nan ne gizo ke saƙar. An sa unguwarmu a Band A, kuɗi ya ninka sau uku, awa 20 ɗin kuwa a takarda muke ganinta. Ranar da aka kawo, sai ta zo ba ƙarfi, firji ya yi ta gurnani bai daskarar da komai ba. Mita tana cin kuɗi, ƙanƙara ba ta yi ba. Yara huɗu nake ciyarwa da wannan sana'ar.

Injiniya: Gaskiyarki, Hajiya. A ƙa'ida, layin da bai cika awa 20 ba ana sauke shi daga Band A, kuma ya kamata a rama wa masu biya. Sai dai mutane ƙalilan ne suka san haka, waɗanda suka sani ma ba su da abin da za su nuna shaida da shi. Ku haɗu da maƙwabta ku riƙa rubuta lokacin kawowa da ɗaukewa kullum. Da wannan takardar ake zuwa ofishin sauraron ƙorafi na hukumar.

Baba Tsohon Masaƙi: Yarana, ku ba tsoho dama. Ni a masaƙa na yi ƙuruciyata, a Kaduna ta Kudu. Masaƙar KTL tun 1957 take, ta rufe a 2002. UNTL ta biyo baya a 2007. Lokacin da ake canjin aiki, titin Kakuri ba ya biyuwa don kekuna. Ma'aikaci ɗaya yana riƙe da gida guda, da mai tuwo a bakin ƙofa, da mai gidan haya, da manomin auduga a Funtuwa da Gusau. Ba wuta kaɗai ta kashe masaƙun ba, akwai atamfar fasa-ƙwauri, akwai sakacin masu mulki. Amma na ga yadda kuɗin baƙin mai na tukunyar tururi da na janareta ya riƙa cin ribar har ya cinye uwar kuɗi. Je ka Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano ka ƙirga ƙofofin da ke kulle.

Ɗana mai sola, sana'arka mai albarka ce, ban raina ta ba. Abin da nake tsoro shi ne kalmar nan da ka faɗa, "mu daina jira". Ranar da mai hali ya sa sola a gidansa, ya daina zuwa taron unguwa kan tiransifoma. Kwamishina ya sa, ɗan majalisa ya sa, babban ɗan kasuwa ya sa. To wa ya rage a kan layi? Mai walda da mai markaɗe da Hajiya. Su ne ba su da murya, kuma su za a ɗora wa kuɗin gyaran layin gaba ɗaya. Kainji a jihar Neja take, tun 1968. Shiroro a Neja take. Zungeru mai megawat 700 da aka gama kwanan nan a Neja take. Ruwanmu ne, garuruwanmu aka tasa aka yi madatsun. Don me za mu yafe haƙƙinmu a kansu?

Mai Haɗa Sola: Baba, Allah Ya ƙara girma. Ban ce a yafe ba. Amma shekara nawa ana maganar madatsar Mambila mai megawat 3,050? Tun kafin a haife ni. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020. Matashin da ke son buɗe shagon aski yau ba zai ci alkawari ba. Kuma sola ba ta tsaya a rufin gida ba. A kasuwar Sabon Gari ta Kano an haɗa wa shaguna sola ta bai ɗaya ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara, REA, mai shago yana biyan abin da ya sha, ba sai ya sayi faranti ba. Manoman rani suna komawa famfon sola tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023.

Baba Tsohon Masaƙi: Shagon aski mutum biyu yake ɗauka, ɗana. Masaƙa dubbai take ɗauka. Ina za mu kai sauran?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu mun ɗanɗana abin da kuke muhawara a kai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga wajenku take zuwa. Yamai ta layin Birnin Kebbi, mu Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta taimaki Yamai da rana, ba wanda zai musa. Da dare kuwa sai injinan gazuwal. Madatsar Kandaji da muke sa rai har yanzu ba a gama ba. Abin da na gani shi ne duk garin da waya ɗaya ke ciyar da shi yana cikin hatsari, ko daga ina wayar ta fito.

Injiniya: Wannan ita ce ainihin cutar Oktoban 2024. Yawancin wutar Najeriya daga tashoshin gas na Kudu take fitowa, hanyoyin da ke hawo da ita Arewa kuma 'yan kaɗan ne. Biyu suka faɗi, komai ya tsaya. Da akwai manyan tashoshin sola a Kano da Katsina da Sakkwato suna zuba wuta cikin layi da rana, madatsun ruwa su riƙe ruwansu sai dare, da abin bai kai haka ba. Akwai mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a farkon 2023, amma megawat 10 a Kano ɗigo ne. Kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumarsu, su ba da lasisin samar da wuta da rabata. Inugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓa a 2024.

Ungozoma: To ni dai kada a ce asibitin ƙauye ya jira sai an gama wannan dogon aikin. Kuma in an sa solar a ware kuɗin gyara. Na ga inda batir ya mutu bayan shekara biyu, faranti na nan a rufi, ɗakin haihuwa ya koma duhu, ba wanda aka ɗora wa alhakin canzawa.

Mai Haɗa Sola: Wannan laifin masu ba da kwangila ne, Anti, suna sayen batir mafi arha. Ni har yanzu ina kan bakana game da gidaje da shaguna da asibitoci. Masana'anta kuwa, in jiha za ta gina babbar tasha ta zuba a layi, ai solar ce dai.

Mai Walda: Solar ce, amma ta waya za ta iso shagona, kuma wayar unguwarmu ta girme ni. Injiniya, wannan dokar ta 2023, majalisar jiha ce za ta fara yin tata kafin a miƙa mata ikon?

Injiniya: Ita ce. Sai jiha ta yi dokarta, ta kafa hukuma, sannan ta rubuta wa NERC ta nemi a miƙa mata.

Mai Walda: To ƙungiyarmu ta masu walda tana da taro ranar Asabar. Zan kai maganar, mu rubuta wa ɗan majalisarmu mu ji inda tamu jihar ta tsaya. Hajiya, ku ma masu ƙanƙara ku sa hannu.

Hajiya Mai Ƙanƙara: A kawo takardar. Amma a rubuta maganar awa 20 ɗin nan a sahun farko.