Mercedes 190 SL ta 1958 ta ƙi daidaita idan inji ya yi zafi

Assalamu alaikum, masana tsofaffin motoci. Ina neman shawara kan Mercedes-Benz 190 SL mai buɗaɗɗen rufi, injin M121 mai lita 1.9, da kafiretocinta na asali guda biyu, Solex 44 PHH.

Da sanyi tana tashi lafiya lau. Amma bayan tafiyar minti 20, in an ɗaga ƙafa daga totur, juyin inji sai ya maƙale wajen 1,500 a minti. In an rage shi da sukuru kuma, sai ta mutu.

An sa sababbin filogi da gasket, an saita kwantak a milimita 0.4, bawul na shiga 0.10, na fita 0.20, an duba tayimin. Da aka fesa ruwan wanke kafireta a bakin sandar totur ta kafiretar baya, nan take sautin inji ya canza. Zargina sandar ta ci, iska na kutsawa ta gefe.

To, sa sabon bushin (zoben da sandar ke juyawa a ciki) kaɗai zai isa, ko sai an sake sandar da faifanta mai buɗe hanyar iska? Kuma wace kafireta ake fara saitawa? Sauya su da kafireta ƙirar Weber 40 DCOE dai ba na so, tana rage wa motar daraja wajen masu tara tsofaffin motoci.