Ɗakin da ake ƙera jirgi a gida: wace kalma ce tamu?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu sha'awar harshe. Jimla guda ce ta tsaya mini a wuya tun makon jiya a cikin wani aikin fassara, kuma na ga ya dace in shimfiɗa ta a nan tare da matsayar da na cimma, domin wanda ya fi ni sani ya gyara mini. Labarin wani magidanci ne a Ingila da ya fitar da motarsa waje, ya gyara ɗakin da take kwana, ya mayar da shi abin da Turawa ke kira workshop, domin ya haɗa ƙaramin jirgin ruwa da hannunsa.

Da na ɗauki alƙalami sai hannuna ya nufi kalmar "gareji", nan take kuma na ga ramin da ke gabana. A wurin Bature, gareji ɗaki ne a jikin gida inda lafiyayyar mota take kwana. A wurinmu kuwa, idan mutum ya ce motarsa tana gareji, kowa ya san ba ta da lafiya, tana hannun bakanike, an ɗaga bakinta, baƙin mai ya jiƙe ƙasa. Idan na rubuta cewa mutumin ya mayar da gareji wurin aiki, mai karatu zai tambaya, da can me ake yi a ciki, barci? Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba, "ɗakin mota" na sa, kuma ban ga mai ja da shi ba.

Ita kalmar workshop ita ce mai ƙaya. Ta riga ta shigo bakin ma'aikatanmu da wata ma'ana dabam, wato taron bita ko taron ƙara wa juna sani, irin wanda ake yi a otal a raba jaka da biro. Barin ta yadda take zai sa a ɗauka mutumin ya tara jama'a ne a ɗakin motarsa yana yi musu lacca a kan jiragen ruwa.

Kafin a raɗa wa wuri suna, ya kamata a san abin da ake yi a cikinsa. Jirgin da ke cikin labarin irin wanda ake kira Mirror ne, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara a 1962 da goyon bayan jaridar Daily Mirror, da nufin talaka ma ya mallaki jirgi. Tsawonsa ƙafa 10 da inci 10 ne kawai, abin da ya sa yake shiga ɗakin mota guda har a samu wurin zagaya shi, kuma an haɗa sama da 70,000 a duniya, da yawansu a hannun mutanen da ba kafintoci ba ne. Ana sayen katakonsa a yayyanke, fallayen nan da ake mannewa hawa-hawa waɗanda kafintocinmu ke kira filawud. Mai aikin zai huda ƙananan ramuka a jere a gefen kowane falle, ya zura wayar jan ƙarfe ya murɗe, kamar mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, har fallayen su lanƙwasa su ba da siffar jirgi. Daga nan sai ya bi kowace mahaɗa da ƙyallen zaren gilashi da gam mai ƙarfi. Gam ɗin da aka fi amfani da shi a yau ruwa biyu ne da ake gaurayawa, kuma yana son ɗumi, shi ya sa gyaran ɗakin a Ingila ya haɗa da toshe kafofin sanyi da kawo abin ɗumama ɗaki, don a tsakiyar hunturu yana iya kwana bai kama ba. Sai ƙarin fitilu, da teburin aiki a jikin bango, da taga ko fanka saboda warin gam da dusar katako. Akwai kuma auna faɗin ƙofa tun kafin a haɗa falle na farko, kada jirgi ya kammala ya ƙi fita.

To, ga kalmomin da aka ba ni. Wani ya ce "shago". Shago yana tafiya da ciniki, da mai kawo aiki da mai biya, shi kuwa wannan bawan Allah babu wanda ya ba shi kwangila, bayan ya taso daga ofis da ranakun hutu yake shiga. "Ma'aikata" ta riga ta zama ta gwamnati, da minista da babban sakatare. "Masana'anta" ta yi masa girma ƙwarai, domin kunnen Bahaushe na yau yana jin ta ne sai ya hango Sharaɗa ko Bompai a Kano, da injuna da ɗaruruwan leburori. "Ɗakin aiki" ba ta da laifi, amma ba ta faɗi komai ba, lauya ma yana da ɗakin aiki.

Abin da ya rage shi ne mu koma ga hanyar da harshen ya saba bi. Hausa tana ɗaukar aikatau ta sa masa "ma" a gaba, sai sunan wuri ya fito: rini ya ba mu marina, jima ta ba mu majema, saƙa ta ba mu masaƙa, ƙira ta ba mu maƙera. Ashe tambayar ta koma kan aikatau, me mutumin yake yi wa jirgin?

Wani dattijo da nake girmamawa ya tsaya kai da fata a kan "masassaƙa", kuma hujjarsa tana da nauyi, domin tun asali jirgin Bahaushe sassaƙa shi ake yi. A zo da gungumen maɗaci, masassaƙi ya hau shi da gatari da gizago, ya yi ta ƙwaƙule cikinsa har ya zama kwalekwale. Na ce masa, Baba, sassaƙa ragewa ce, ana cire abin da ba a so ne daga itace guda. Aikin da ke cikin labarin nan ƙari ne, ana haɗa falle da falle, kuma daga farkonsa har ƙarshensa ba za a ɗaga gizago ko sau ɗaya ba. Ko a bakin kogin Neja wajen Yawuri, manyan jiragen da ke ɗaukar fasinja da buhunan hatsi da falankai da ƙusoshi ake haɗa su, kuma ban jin masu yin su za su yarda a ce sassaƙa suke yi.

Ni dai na tsaya a kan "maƙera". Na san abin da za a ce, maƙera ta wuta ce da gawayi da zugazugi da uwar maƙera, ina ruwanta da katako? Gaskiya ne, haka take a asali. Sai dai aikatau ɗin ya daɗe da fita daga rumfar maƙeri. Kullum muna jin an ƙera mota, an ƙera jirgin sama, an ƙera wayar salula, muna kuma cewa kimiyya da ƙere-ƙere, babu mai neman ganin zugazugi. Idan bakin jama'a ya yarda a ƙera jirgin ruwa, ban ga dalilin hana wurin da ake ƙera shi sunan maƙera ba. Ita kanta kalmar jirgi ai haka ta yi tafiya, daga ruwa ta hau dogo ta zama jirgin ƙasa, ta tashi ta zama jirgin sama.

Akwai wani tarnaƙi na rubutu da wata malamar Hausa ta nuna mini, kuma na gode mata. A kan takarda, maƙera wurin aiki da maƙera jam'in maƙeri duk ɗaya suke, murya ce kawai take raba su. Maganin yana cikin harafin da ke liƙa kalmar da ta gaba. Wurin mace ce, don haka "maƙerar jirgi", mutanen kuwa jam'i ne, "maƙeran jirgi". Muddin ba a bar kalmar tsirara ba, mai karatu ba zai ruɗe ba.

Ba na da'awar cewa wannan ta wadatar ga kowace workshop. Ta tela da ta mai gyaran rediyo suna nan a shagonsu, ta ma'aikata kuma tana nan a taron bita. Ga wannan ɗakin kaɗai nake magana, kuma ga yadda jimlar ta tafi wurin edita: "Ya fitar da motarsa tana kwana a waje, ya mayar da ɗakin motar maƙerar jirgi."