Abin da na tsinta daga hirarmu kan sudoku mai ƙarin sharuɗɗa

Sudoku wasa ne na cike gidaje da lambobi 1 zuwa 9 ba tare da maimaita lamba a layi ko a akwati mai gida tara ba. Mun daɗe muna tattauna yadda ake tunkarar irin sudokun da ake ƙara wa dokokin lissafi da na layuka. Shawarar da kowa ya amince da ita ita ce riƙe lamba 45, domin jimillar 1 zuwa 9 kenan, kuma kowane layi da kowane akwati dole ya ba da 45. A nau'in Killer, inda ake kewaye wasu gidaje a rubuta jimillarsu, idan kewayen da ke cikin akwati suka tashi 38 kuma gida ɗaya ya rage, to 7 ce a ciki. Ni kaina wannan dabarar ta fi kowace cece ni.

Wani ya ce a haddace ƙananan haɗe-haɗe: gida biyu masu jimilla 3 sai 1 da 2, masu 17 sai 8 da 9, gida uku masu 24 kuwa 7, 8 da 9.

A nau'in Kropki, inda ake sa ɗigo tsakanin gida biyu, baƙin ɗigo na nufin lamba ɗaya ninkin ɗayar ce, don haka 5, 7 da 9 ba sa zama gefensa. A wani nau'in kuwa, layin da aka zana ya ratsa gidaje, wanda lambobin da ke maƙwabtaka a kansa ke bambanta da aƙalla 5, ba ya karɓar 5 ko kaɗan.

An yi sa-in-sa kan cankar amsa. Ina tare da masu cewa a guje ta, a yi ta rubuta yiwuwar lambobi da fensir a kusurwar gida har hujja ta fito.