Wasan dandamali mai waƙa kan yaƙin Burmi, ya za a yi ya koma fim?

Ɗan Bajoga:
Salamu alaikum jama'a. Ƙungiyarmu ta dirama a nan Gombe muna da wasa kan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, kusan rabinsa waƙa ce kuma a dandamali mutane har hawaye suke yi. Yanzu yara sun matsa sai mun mai da shi fim, ni kuma tsorona kar waƙoƙin su zama abin dariya in kyamara ta shigo. Don Allah masu sani ku ba mu shawara.

Malam na Wunti:
Wa alaikumussalam. Tsoronka na kan hanya ƙanena. A dandamali in ka ɗaga sanda ka ce doki ne ɗan kallo ya yarda, amma kyamara ba ta da wannan kawaicin, sai ka nemo dawakai na gaske da ganuwa da riguna irin na lokacin, to mutum yana tsakiyar wannan duka kuma ya ɓarke da waƙa haka kawai ai dole ta yi banbarakwai. Ku ba waƙar mai ita. Maroƙa da makaɗan yaƙi su yi ta, ko masu hijirar da suka bi Attahiru su riƙa rera waƙen wa'azi a hanya, shi Sarkin Musulmi kam kar ku sa shi waƙa ko baiti ɗaya wallahi. Ku nemi Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ku gani, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da littafin wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗin a 1976.

'Yar Jekadafari:
Malam gaskiya ban yarda a rage waƙar ba, ita ce ran wasan fa. Fim ɗin Les Misérables na 2012 kusan duka waƙa ne, kuma 'yan wasan a gaban kyamara suka rera da bakinsu ba maimin ba, shi ya sa ta shiga jiki. Matsalarmu a shiga situdiyo a ɗora murya mai kwalliya a kan fuskar da ba ta ji komai ba.

Abban Hanifa:
Kuɗin dawakai fa? In aljihu bai kai ba ku yi yadda aka yi da Hamilton, wani wasa mai waƙa na Amurka, wasan aka ɗauka a dandamalinsa da kyamarori da yawa har da 'yan kallo, aka sake shi a 2020.

Ɗan Bajoga:
Na gode ƙwarai. Yaya, muryar kai tsaye za mu gwada, sai dai iska da kukan babura a fili su ne abin ji. Akwai wanda ya san mai ɗaukar sauti nagari a Gombe ko Bauchi?