Neman shawara: abincin jarumaina ya ƙi nuna halinsu

Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya kulle. Wata bakwai ke nan ina rubuta labarin zane mai motsi irin na Japan, na minti 12, ni da wani ɗan ajinmu mai zane. Da a Tokyo na ajiye labarin, na dawo da shi Osaka, na canza sunan jarumin sau uku, kwamfutata ta lalace na sake rubutawa tun daga farko. Jarumin maraya ne, talaka, ba ya son magana. Na ce sushi ya fi so, ƙawarsa kek, mugun kuma yaji. Yanzu mai zanen ya ce duk ado ne, ko an cire babu abin da zai ragu. Saura kwana tara mu miƙa. Ya zan yi?

Nura: Wa alaikumus salam. Shekarunsa nawa? A wane zamani labarin yake? Wa yake dafa masa?

Malam Bashir: Ƙanwata, mai zanenki ya faɗi gaskiya. Sunan abinci a takarda ba ya nuna hali. Abin dubawa shi ne wa ya ba shi, a ina yake ci, da wa. Dubi Naruto: shagon Ichiraku mai sayar da ramen, wato taliya a cikin romo, shi ne inda ba a tsangwame shi ba lokacin da gari ke gudunsa, can kuma malaminsa Iruka ke kai shi. Ramen ɗin nan gida ne a wurinsa. Sanji na One Piece kuwa yunwa ta kusa kashe shi a kan dutse a tsakiyar teku, Zeff, wani ɗan fashin teku da suka maƙale tare, ya bar masa abincin duka, shi ya sa ba ya iya kallon mayunwaci ko da abokin gaba ne.

Ki cire sushi, abincin masu kuɗi ne, ki sa onigiri, wato dunƙulen shinkafa, ki nuna shi sau uku. Na farko na kanti: kusurwa uku cif, a leda, busasshen ganyen teku da ake naɗe shi da shi, nori, yana ƙaras-ƙaras, yana ci a tsaye shi kaɗai. Na biyu ƙawar ta miƙo wanda ta dunƙula da hannunta, a karkace, gishiri ya yi yawa, norin ya yi laushi saboda ɗumin shinkafa, ya ƙi karɓa. Na uku ya karɓa. Daƙiƙa goma-goma sun isa. Kada kowa ya ce "yana son onigiri", da zarar an furta an kashe shi.

Aisha: Malam, ban yarda sushi sai mai kuɗi ba. Sushin da ke zagayawa a kan bel a garin Higashiosaka da ke kusa da Osaka aka fara shi a 1958, kuma mai araha ne. Matsalar Zainab daban ce: kowa ta ba shi abin da ake zato. Budurwa kek, mugu yaji. Japanawa sun fi wasa da saɓani, abin da suke kira gyappu. L na Death Note, mai kaifin ƙwaƙwalwa, a tsugune kan kujera yana loda sukari a kofi. Hijikata na Gintama, mai zafin rai, yana zuba mayonis a kan komai. Abin da jarumi ya ƙi ma yana magana: Edward Elric na Fullmetal Alchemist ya tsani madara, kuma gajartarsa ce inda ya fi jin zafi. Ki ba mugun kek ɗin.

Nura: Ni abin da ke ɓata min rai masu fassara ne. A fassarar Pokémon ta Turanci an nuna onigiri ƙiri-ƙiri aka kira shi donot. Kuma namu masu sharhi ba sa gaya wa mutane cewa yankan naman da ke kan ramen, chashu, yawanci na alade ne, romon tonkotsu ma na ƙashin alade ne. Wannan haƙƙin mai kallo ne.

Zainab: Na gode, amma ba ku fahimce ni ba. Sushi na zaɓa saboda shi masu kallonmu suka sani. Kuma an riga an zana wurin cinsa, ba zan ce a sake ba. Mugun ma ba zai ci kek ba, ba ɗan barkwanci ba ne.

Malam Bashir: To ba halin jarumi kika zaɓa ba, sanin masu kallo kika zaɓa. Kuma wa ya ce sai an san abinci? Chihiro ta fim ɗin Spirited Away tana cusa onigirin da abokinta Haku ya ba ta, hawaye na zuba manya-manya, wa ya tsaya tambayar sunansa? Aisha, gyappu yana buƙatar zango da yawa kafin ya zauna, a minti 12 raha kawai zai zama.

Aisha: L a fitowarsa ta farko-farko aka gane shi, Malam. Zainab, in dole sai sushi, bar shi ya riƙa ɗaukar faranti mafi araha, tamago (na ƙwai) ko inari (na soyayyen awara), idonsa na bin na kifin tuna yana wucewa, sannan ya ƙirga farantansa kafin ya tashi.

Zainab: A zanen na kifin tuna yake ci, ja ya fi fitowa a allo.

Nura: Har yanzu ba ki gaya mana wa yake dafa masa ba, balle wa yake biya masa.